TAURARIN ƊAN'ADAM MASU DUBA YANAYI: YADDA AKE HARBA SU, DA AJIYE SU, DA AMFANI DA SU

GABATARWA

Kowace rana, bayan an ƙare karanta labarai a gidajen rediyo da na talabijin na ƙasar nan, akan kawo bayani a kan yadda ake tsammanin yanayi zai kasance washegari, watau inda za a yi ruwa, da inda hazo zai sauka, da inda zafi zai tsananta. Mutane da yawa sukan ji wannan bayani su wuce shi. Waɗansu suna ɗaukarsa shaci-faɗi ne kawai, waɗansu kuwa suna ganin shisshigi ne cikin abin da Allah kaɗai ya sani. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a inda bayanin yake fitowa, domin wanda ya san asalin magana ya fi sanin irin nauyin da zai ba ta.

Tun kaka da kakanni manomi ya san in gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke, zufa ta yi yawa, to, hadari yana tafe. Ba wanda ya taɓa kiransa boka don ya faɗi haka, gama alama ya gani da idonsa. Sai dai hangen mutumin da yake tsaye a ƙasa gajere ne, wanda ya hau dutse ya fi shi gani. Tauraron ɗan'adam mai duba yanayi na'ura ce da aka kai can sama ƙwarai, inda take hango nahiyar Afirka baki ɗaya, tana ganin hadarin da ya haɗu a ƙasar Chadi ko Kamaru tun kafin mutumin Bauchi ko Minna ya ga alamarsa. Ashe ke nan ba duba ba ne, hangen nesa ne da awo da lissafi. Sanin gaibu kuwa yana nan ga Mai shi.

TAƘAITACCEN TARIHI

An fara rubuta awon yanayi a Nijeriya tun shekarar 1887, a garin Akassa da ke bakin teku. Daga nan aka yi ta kafa tashoshi inda ma'aikata suke auna yawan ruwan sama, da zafi, da laima, da ƙarfin iska. Amma tashoshin ƙasa suna da babban giɓi. Ba a kafa su a tsakiyar teku, kaɗan ne kuma a cikin Sahara, alhali kuwa daga waɗannan wurare biyu ne yanayin Afirka ta Yamma yake tasowa.

Tarayyar Sobiyet ce ta fara kai tauraron ɗan'adam sararin samaniya, ranar 4 ga Oktoba, 1957. Na farko da ya yi aikin duba yanayi sosai kuwa shi ne TIROS-1, wanda Amurka ta harba ranar 1 ga Afrilu, 1960. Nauyinsa bai wuce kilo 122 ba, kwana 78 kaɗai ya yi yana aiki, amma ya aiko da hotuna wajen 23,000, waɗanda suka nuna wa masana cewa gizagizai ba barkatai suke ba, suna da tsari da hanyar tafiya.

Ga mutanen Afirka, ranar da ta fi muhimmanci ita ce 23 ga Nuwamba, 1977, sa'ad da ƙasashen Turai suka harba Meteosat-1. An tsai da shi a saman Tekun Gini, kudu da gaɓar ƙasar Ghana, yana fuskantar Afirka sosai da sosai. Jikokinsa ne suke wannan wuri har yau, a ƙarƙashin kulawar wata hukuma ta ƙasashen Turai mai suna EUMETSAT, wadda aka kafa a 1986, hedkwatarta kuma tana garin Darmstadt na Jamus.

TAURARI IRI BIYU

Taurarin duba yanayi iri biyu ne, gwargwadon hanyar da suke bi wajen kewaya duniya.

Iri na farko su ne masu tsayawa wuri guda. Ana kai su nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, daidai saman layin nan da ya raba duniya biyu, wanda ake kira ikwaita. A wannan nisa, lokacin da tauraro zai ɗauka ya kewaya duniya sau ɗaya ya yi daidai da lokacin da ita duniyar take ɗauka ta juya sau ɗaya. Saboda haka, ko da yake yana gudun kilomita kusan 11,000 a sa'a, wanda yake ƙasa zai ga kamar a kafe yake. Amfaninsa shi ne ba ya ɗauke ido daga yankinsa dare da rana. Meteosat na Turai, da GOES na Amurka, da Himawari na Japan duk irin wannan ne, Sin da Indiya da Rasha da Koriya ta Kudu ma suna da nasu, sun kewaye duniya kamar masu gadi.

Iri na biyu su ne masu bi ta ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. Waɗannan suna ƙasa-ƙasa, kimanin kilomita 800 zuwa 850, suna gama kewaye ɗaya cikin minti ɗari da 'yan kai, watau wajen sau 14 a yini. Da yake duniya tana juyawa a ƙarƙashinsu, kowane kewaye sabon yanki suke dubawa, har su ratsa kowane wuri sau biyu cikin sa'a 24. Kusancinsu ya sa awonsu ya fi zurfi, suna iya auna zafi da laimar iska hawa-hawa tun daga ƙasa har sama.

Ya kamata a bambanta waɗannan da taurarin da Nijeriya ta mallaka. NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011, an yi su ne don ɗaukar hoton ƙasa, kamar gonaki da dazuzzuka da wuraren da ambaliya ta shafa. NigComSat-1R na 2011 kuwa na sadarwa ne. Hotunan gizagizai da ake hasashen yanayi da su, galibinsu daga Meteosat suke zuwa.

YADDA AKE HARBA SU

Tambayar da akan fara yi ita ce, me ya hana tauraron faɗowa? In yaro ya jefa dutse, dutsen yakan yi tafiya kaɗan ya faɗi. In ya sa shi a majajjawa, yakan ƙara nisa kafin ya faɗi. To, ita duniya ƙwallo ce, doronta a lanƙwashe yake. In aka kai abu sama inda babu iskar da za ta tare shi, aka kuma ba shi gudun da ya kai kilomita kusan 28,000 a sa'a, sai ya zama yana faɗowa amma ƙasa tana lanƙwashewa a gabansa, ba ya cim mata. Haka zai yi ta kewayawa ba tare da inji yana tura shi ba. Aikin roka ke nan: ta ɗaga shi sama, ta ba shi wannan gudu, ta sake shi.

Ƙera tauraro yakan ɗauki shekaru. Ana haɗa shi a ɗaki mai tsananin tsabta, ma'aikata suna sanye da fararen riguna da huluna da safar hannu kamar masu aikin tiyata, domin ƙura kaɗan tana iya ɓata madubin na'urar. Kafin ya bar masana'anta sai an jijjiga shi da ƙarfi irin na tashin roka, an sa shi cikin wani ɗaki da aka zuƙe iskarsa, an gasa shi da zafi, an kuma ƙandarar da shi da sanyi. Dalili kuwa, in ya tafi ya tafi ke nan, babu makanikin da zai bi shi. Sa'an nan a rufe shi cikin akwati na musamman, a kai shi filin harbawa a jirgin ruwa ko a babban jirgin sama na kaya.

Ba ko'ina ake harba roka ba. Turawa suna harba yawancin nasu daga Kourou, a yankin Giyana na Faransa da ke Amurka ta Kudu, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, wurin yana kusa da ikwaita, inda juyawar duniya take ɗauke da kome zuwa gabas da gudun kilomita wajen 1,670 a sa'a, don haka rokar da ta nufi gabas ta sami wannan gudu kyauta. Na biyu, teku ne a gabansa, tarkacen roka ba zai faɗa wa gari ba.

Roka hawa-hawa ce, mafi yawan nauyinta kuma mai ne. Alal misali, rokar Ariane 5 da ta ɗauki Meteosat-12 ranar 13 ga Disamba, 2022, nauyinta ya kusa tan 780 sa'ad da ta tashi, alhali shi tauraron bai kai tan 4 ba. Da hawan farko ya ƙone mansa sai ya ɓalle ya faɗa teku, na gaba ya kama, domin kada a ci gaba da jan tankin da ba kome a cikinsa. In an fita daga iska mai kauri, sai murfin da ya lulluɓe tauraron ya rabu biyu ya faɗi. Cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba roka ta gama nata.

Amma tauraro mai tsayawa wuri guda bai isa masauƙinsa ba tukuna. Roka takan bar shi ne a wata hanya mai siffar ƙwai, gefe ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya gefen kuma can nisan kilomita 36,000. Duk sa'ad da ya kai ƙololuwa, sai injiniyoyi su umarce shi ta rediyo ya kunna ɗan injinsa, a yi haka sau da dama cikin 'yan kwanaki har hanyar ta zama da'ira. Sa'an nan ya buɗe fikafikansa masu tara hasken rana su mai da shi lantarki. Bayan wannan akan shafe watanni ana gwada na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya kafin a yarda da awonsa.

DALILIN AJIYE TAURARO

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne jin cewa akan kashe maƙudan kuɗi a ƙera tauraro, a harba shi, sa'an nan a kashe na'urorinsa a bar shi yana barci shekara biyu ko fiye. Mai ji zai ce ɓarna ce. Tarihi ne ya koya wa masana wannan dabara, da tsada kuwa.

A watan Nuwamba na 1979, shekara biyu bayan harba shi, na'urar ɗaukar hoto ta Meteosat-1 ta lalace. Babu wani a madadinsa. Sai a watan Yuni na 1981 aka harba Meteosat-2, saboda haka Afirka da Turai suka yi fiye da shekara ɗaya da rabi ba su da wannan ido. Amurka ma ta ɗanɗana. Rokar da ta ɗauki wani sabon tauraronta ta lalace a 1986, wani tsoho kuma ya daina ɗaukar hoto a 1989, aka bar ta da guda ɗaya tak inda ake bukatar biyu. Sai da Turawa suka ba ta aron Meteosat-3, aka matsar da shi yamma a 1991 don ya duba Tekun Atalantika. Darasin a fili yake: ba a samun tauraro da roka a kasuwa ranar da ake bukata. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ajiya iri biyu ce. Akwai ta ƙasa, inda akan ƙera taurari biyu ko uku iri ɗaya a tare don sauƙin kuɗi, a harba ɗaya, a rufe sauran cikin akwatuna da aka cika da busasshiyar iskar naitirojin don kada laima ta shiga. Akan cire batir a ajiye shi daban a wuri mai sanyi, lokaci-lokaci kuma a fito da tauraron a gwada shi. Wannan hanya tana da nata haɗari. A watan Satumba na 2003, a wata masana'anta a jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikata suna ƙoƙarin kwantar da wani tauraro ba su lura an cire ƙusoshi 24 da suke riƙe da gindinsa ba, sai ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Gyaransa ya ci dala miliyan 135, bai tashi ba sai 2009, inda aka sa masa suna NOAA-19. Ban da wannan, tauraron da yake ƙasa har yanzu yana da jiran roka, da haɗarin harbawa, da watannin gwaji a gabansa.

Shi ya sa aka fi son ajiya a sama. A nan akan harba tauraron tun wanda yake aiki yana da ƙarfinsa, a gwada shi sarai, sa'an nan a kai shi wani gurbi a gefe. Sai a kashe na'urorin awo, a bar abin ɗumama jiki don kada sanyi ya ɓata shi, a bar rediyon da yake karɓar umarni, fikafikansa kuma suna fuskantar rana. Injiniyoyi suna sauraron lafiyarsa, sukan kuma tashe shi jefi-jefi su tabbatar yana nan daram. Meteosat-11 ya tashi a watan Yuli na 2015, aka ajiye shi shekara biyu da rabi, sa'an nan ya karɓi aikin duba Afirka da Turai a watan Fabrairu na 2018. Himawari-9 na Japan ya jira daga 2016 har Disamba 2022. Amfanin haka ya fito fili a watan Satumba na 2012, ana tsakiyar lokacin guguwa, sa'ad da GOES-13 mai duba gabashin Amurka ya sami matsala. Washegari GOES-14, wanda aka tanada a sama tun 2009, ya karɓi aikin.

Ajiyar sama ma ba kyauta ba ce. Jan wata da na rana suna karkatar da tauraro daga gurbinsa, tilas a riƙa kunna ƙananan injunansa ana mai da shi, man da ya tafi da shi kuwa shi ke nan, ba ƙari. Zafin rana da ƙwayoyin da take fesowa suna cin jikinsa a hankali ko yana barci. Don haka akan auna a ga lokacin da ya dace a harba, kada a yi gaggawa, kada kuma a makara.

In tauraro ya tsufa, da sauran man da ya rage ake tura shi sama da kimanin kilomita 300, zuwa wata hanya da ake kira maƙabartar taurari, a kashe shi, domin ya ba sabo wuri. Haka aka yi wa Meteosat-7 a 2017, bayan ya yi aikin kusan shekara 20. Hotunan da taurarin suka ɗauka su ma ana adana su. A Darmstadt akwai na Meteosat tun daga 1981, da su masana suke gwada daminar bana da ta shekarun baya.

YADDA AKE HASASHE DA SU

Tauraro ba ya faɗin kome game da gobe, awo kaɗai yake yi. Na'urarsa tana duba duniya ta hanyoyi da dama, manya daga ciki uku ne. Ta ɗaya, hasken da ido yake gani, wanda yake nuna gizagizai da rana kawai. Ta biyu, hucin zafin da kowane abu yake fitarwa, wanda ido ba ya gani, wannan kuwa yana aiki dare da rana. Da yake sanyi yana ƙaruwa in ana yin sama, girgijen da kansa ya fi sanyi shi ne ya fi tsawo, shi ne kuma mai ruwa da tsawa. Kan babban hadari yakan yi sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri, ko fiye. Ta uku, tururin ruwan da yake cikin iska ko da babu girgije. Meteosat na farko yana ɗaukar hoto kowane minti 30. Waɗanda aka fara harbawa a 2002 suka mai da shi minti 15. Meteosat-12, wanda ya kama cikakken aiki a watan Disamba na 2024, yana yi kowane minti 10, yana kuma da na'urar ƙirga walƙiya.

Tauraro yakan aika da awonsa zuwa manyan tashoshi a Turai, a tace shi, a sake watsa shi ta taurarin sadarwa. Ofisoshin yanayi na ƙasashen Afirka suna karɓa da faranti irin na talabijin. A ƙasar nan aikin yana hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, hedkwatarta tana Abuja. A birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar kuma akwai cibiyoyi biyu, AGRHYMET da ACMAD, masu hidima ga ƙasashe da yawa.

Ga misalin yadda ma'aikaci yake aiki da hotunan. A Afirka ta Yamma manyan hadura daga gabas suke tafiya zuwa yamma, abin da kowane manomi ya sani, sau da yawa da gudun kilomita wajen 50 a sa'a. A ce da ƙarfe huɗu na yamma an ga hadari ya haɗu a kan tsaunukan Jos, hotunan da suka biyo baya kuma sun nuna yana faɗaɗa, kansa yana ƙara sanyi, ya nufi yamma. Tsakanin Jos da Minna akwai kimanin kilomita 250 a miƙe. Ma'aikacin zai lissafa cewa in hadarin bai watse ba, zai isa Minna wajen ƙarfe tara na dare. Sa'o'i biyar ɗin nan sun isa a faɗakar da filin jirgin sama, da masu kwale-kwale, da mai shanyar hatsi.

Da hunturu kuwa hazo ake bi. Mafi yawan ƙurar da take rufe arewacin Nijeriya daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, mai suna Bodele, wanda a da can ƙarƙashin ruwan Tafkin Chadi yake. In iska ta kwashe ta, tauraro yana ganinta sarai, takan kuma yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso Maiduguri da Kano. Haka nan ake bin sawun iyakar da take tsakanin iska mai laima da ke tasowa daga teku da busasshiyar iskar Sahara. Wannan iyaka takan hau arewa da bazara, ta kai ƙarshenta a watan Agusta, ta komo kudu da kaka, damina kuwa bayanta take bi.

Hasashen kwana uku ko biyar ya fi ƙarfin ido, sai kwamfuta. Manyan cibiyoyi, kamar ta ƙasashen Turai da ke Reading a Ingila, suna tattara awon taurari, da na tashoshin ƙasa, da jiragen sama da na ruwa, da balan-balan da ake saki da na'ura. Kwamfuta takan kasa iskar duniya gida-gida, ta lissafa yadda zafi da laima da iska za su sauya a kowane gida. Fiye da kashi 90 cikin 100 na awon da ake zubawa cikin wannan lissafi daga taurari yake zuwa. Hasashen damina baki ɗaya kuma ya dogara ƙwarai ga zafin saman teku, musamman Tekun Pasifik da Tekun Gini, wanda taurari suke aunawa kullum. Da irin wannan ne NiMet take fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin faɗuwar damina, da ɗaukewarta, da inda ake tsoron ruwa zai yanke a tsakiya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana duba inda ciyawa ta tsiro a hamada, don ta gane inda farin dango zai hayayyafa.

IYAKAR HASASHE

Wajibi ne a faɗi gaskiya, hasashe yakan kuskure. Tauraro kan girgije yake gani, ba ruwan da ya sauka a gona ba, saboda haka tilas a gwada awonsa da na ma'aunin ruwa da ke ƙasa. A ƙasashe masu zafi kuma sau da yawa akan yi ruwa a wannan unguwa, ta kusa da ita ko ɗigo. In an ce za a yi ruwa a wani yanki, ba a ce kowane gida zai samu ba. Har ila yau, ɗan kuskure a awon yau yakan girma kowace rana, shi ya sa hasashen gobe ya fi na jibi ƙarfi, wanda ya wuce mako biyu kuwa ba ya iya faɗin rana, sai dai ya ce wata zai yi ruwa fiye da yadda aka saba ko ƙasa da haka. Duk da haka ana samun ci gaba, gama a kowace shekara goma akan ƙara kusan kwana ɗaya a kan nisan da hasashe yake kaiwa da inganci.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Duk wannan wahala, tun daga masana'anta har ofishin hasashe, ba ta da amfani in gargaɗi ya iso ga mutum bai yi aiki da shi ba. A watan Oktoba na 1999 wata mahaukaciyar guguwa ta faɗa wa jihar Odisha ta Indiya, ta kashe mutum kusan 10,000. A watan Oktoba na 2013 wata babba ta sake nufo jihar. Wannan karo an bi sawunta kwanaki, aka kwashe mutum wajen miliyan ɗaya, suka kuwa yarda suka tashi. Waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba. A nan gida, ambaliyar 2012 ta ci rayuka 363, ta raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe sama da mutum 600, alhali tun kafin damina ta kankama hukumomi sun yi gargaɗi.

Saboda haka ana kira ga jama'a da su kula da waɗannan abubuwa:

1. Manomi kada ya yi gaggawar shuka da ruwan farko. Ya nemi ranar da aka yi hasashen damina za ta zauna a yankinsa, ta wurin malamin gona ko rediyo, ya kuma zaɓi irin da ya dace da tsawonta.

2. Mazauna bakin kogi da kwari su ɗauki gargaɗin ambaliya da muhimmanci, su tashi tun hanya tana biyuwa. A kuma yashe magudanun ruwa kafin damina.

3. Masunta da masu fito su dakata in an ce iska mai ƙarfi tana tafe. Direbobi su rage gudu ranar hazo.

4. A kiyaye tashoshin awon yanayi da kayansu daga ɓarna da sata, gama dukiyar kowa ce.

5. Sarakuna, da hakimai, da limamai, da malaman makaranta su taimaka wajen isar da sanarwa ga wanda ba shi da rediyo ko waya. A kuma guji yaɗa jita-jitar da ba daga hukuma ta fito ba.

Ruwa da fari duk na Allah ne, amma an hori ɗan'adam ya yi tanadi da abin da aka sanar da shi. Masu iya magana sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Mene ne bambanci tsakanin tauraro mai tsayawa wuri guda da mai bi ta ƙuryoyin duniya?

2. Don me ake harba roka daga kusa da ikwaita, a kuma nufi gabas?

3. Kawo dalilai biyu da suka sa ajiyar sama ta fi ta ƙasa, da illa ɗaya da take da ita.

4. Yaya ake gane hadari mai ruwa da dare, sa'ad da babu hasken rana?

5. Wace hanya ce ta fi dacewa a isar da gargaɗin ambaliya ga mutanen ƙauyenku?